Bita a Kan Stanford Encyclopedia of Philosophy, Kundin da Malamai da Ɗaliban Falsafa Suke Dogaro da Shi

A lokacin da nake karatun digiri na farko, babban abin da muke komawa gare shi idan wata mas'ala ta shige mana duhu shi ne wani tsohon kundin falsafa mai mujalladi takwas, wanda aka buga a Amurka a 1967 ƙarƙashin kulawar Paul Edwards. Yana ajiye ne a sashen ɗakin karatu da ba a ba da aron littattafansa, bangonsa ya koɗe, kuma mujalladin da bayanin Kant, masanin falsafar nan na Jamus, yake ciki ya fi sauran shan hannu, har wasu shafukansa sun rabu da ɗinkinsu. Idan jarrabawa ta matso, wanda ya riga sammako shi ne zai zauna ya kwafa da hannu, sauran kuwa su jira shi ko su kwafa daga littafinsa. Kundin yana da inganci, kuma har gobe ina ganin girmansa, sai dai ya tsaya cik a shekarar da aka buga shi, ta yadda duk wata muhawara da masana suka yi bayan 1967 ba za ka ji ɗuriyarta a cikinsa ba.

Na kawo wannan ne domin mai karatu ya fahimci ma'aunin da nake auna Stanford Encyclopedia of Philosophy da shi, wato kundin falsafa na intanet da Jami'ar Stanford ta jihar Kalifoniya take ɗauke da nauyinsa, wanda ma'abota wannan fanni suke taƙaita sunansa da SEP. Na shafe shekaru ina amfani da shi kusan kullum, da farko a matsayin ɗalibi mai rubuta kundin digiri, daga baya kuma a matsayin malamin da yake shiga aji. Hukuncina a kansa shi ne cewa a cikin dukan kayan aikin da mai nazarin falsafa zai iya samu ba tare da biyan ko sisi ba, babu wanda ya kama ƙafarsa, amma amfaninsa yana zuwa ne gwargwadon shirin wanda ya buɗe shi, kuma na ga ya ɗaga wasu ɗalibai kamar yadda na ga ya zama sanadin lalacin wasu.

Edward Zalta ne ya kafa kundin a 1995 a wata cibiyar nazarin harshe da bayanai ta jami'ar, kuma a yanzu shi da Uri Nodelman ne manyan editocinsa. Tunanin da aka gina shi a kai mai sauƙi ne, amma shi ne ya warware matsalar da muka sha fama da ita da tsohon kundinmu. Kowace maƙala ana damƙa ta ne ga masanin da ya yi fice a kan batun, editocin da suka ƙware a wannan ɓangare su tantance ta kafin a fitar da ita, sannan marubucin ya ci gaba da ɗaukar alhakin gyara ta da sabunta ta duk bayan 'yan shekaru, gwargwadon yadda bincike ya ci gaba. A saman kowace maƙala za ka ga ranar da aka fara wallafa ta da kuma ranar da aka yi mata gyara mai ma'ana na ƙarshe, a ƙasa kuma ga sunan marubucin. Maƙalolin sun haura 1,700, kuma marubutan ba a biyan su kuɗi, suna yi ne domin hidimar fanninsu da kuma martabar da ke tattare da a ce kai aka zaɓa ka yi bayanin wani batu ga duniya. Kuɗin tafiyar da aikin ya fito ne daga tallafin hukumomin bincike na Amurka, da gudummawar ɗakunan karatu na jami'o'i, da ita kanta Stanford. Wannan ne dalilin da ya sa ba za ka ga talla ko ɗaya a shafin ba, kuma ba a neman ka yi rajista ko ka ba da lambar waya kafin ka karanta.

Akwai wata dabara a tsarinsa da ba kowa ne yake lura da ita ba, alhali ita ce ta sa malamai suke yarda a kafa hujja da shi a kundin digiri. Tun da maƙalolin suna canzawa, mai bincike zai iya ɗauko wata magana yau, a wayi gari bayan shekara biyu an sauya ta, mai duba aikinsa ya nema ya rasa. Domin kauce wa haka, sau huɗu a kowace shekara, a watannin Maris da Yuni da Satumba da Disamba, ana ɗaukar kundin gaba ɗaya kamar yadda yake a adana shi, kuma wannan adanannen bugu ba a sake taɓa shi har abada. An fara wannan adanawa tun 1997. Saboda haka idan ɗalibi ya ce ya ɗauko magana daga bugun kaka na wata shekara, ni da nake duba kundinsa zan iya zuwa in ga ainihin abin da ya gani, harafi da harafi. Shafin da kansa yana nuna maka yadda za ka rubuta wannan bayani a manazartarka. Nakan ɗauki kusan rabin darasi a farkon zango ina nuna wa ɗalibai wannan, domin da yawansu adireshin shafin kawai suke liƙawa, su ɗauka sun gama.

Ta fuskar sauƙin amfani kuwa, wanda yake zaune a inda data take da tsada kuma wutar lantarki ba ta da tabbas zai fi kowa gode wa waɗanda suka tsara shi. Rubutu ne zalla a kan farin shafi, babu bidiyo, babu hotunan ado, saboda haka yana buɗewa ko da sabis ya yi rauni, kuma yana zama daidai a fuskar ƙaramar waya. Sau da yawa nakan buɗe maƙala uku ko huɗu da rana a ofis, in bar su a buɗe, idan dare ya yi aka ɗauke wuta sai in karanta su a tsakar gida ba tare da na sake kunna data ba. Inda kawai yake ɗan nauyi shi ne maƙalolin manɗiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja, da na falsafar lissafi, waɗanda alamominsu sukan ɗauki lokaci kafin su bayyana yadda ya kamata. Akwatin bincikensa ba shi da wata gwaninta, yakan jero maka duk maƙalar da kalmar ta fito a ciki, don haka na fi son in bi ta jerin sunayen maƙaloli da aka tsara bisa haruffa.

Amma darajar kundi tana cikin abin da ya ƙunsa, kuma hanya mafi adalci ta auna wannan ita ce mutum ya ɗauki batun da ya sani tun kafin ya buɗe shafin, ya ga yadda aka yi da shi. Ni na auna shi ne da maƙalar Imam Al-Ghazali, wadda Frank Griffel ya rubuta. Na taso a gidan da ake karanta Ghazali a zaure, kuma na shiga jami'a na tarar ana maimaita wata magana kamar karatun allo, cewa shi ne ya kashe falsafa a duniyar Musulmi da littafinsa na Tahafut al-Falasifa. A gida ana yaba masa saboda wannan, a jami'a kuma ana zarginsa saboda shi, amma dukan ɓangarorin biyu sun yarda cewa haka abin ya faru. Maƙalar Griffel ba ta bi wannan sawu ba. Ta nuna cewa a cikin mas'aloli ashirin da Ghazali ya tattauna a littafin, uku ne kawai ya yanke cewa sun fitar da mai su daga addini, wato cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah ba Ya sanin abubuwa ɗaya bayan ɗaya sai a dunƙule, da kuma musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. A sauran mas'alolin, babban ƙorafinsa shi ne cewa su Ibn Sina sun yi iƙirarin suna da hujja yankakkiya alhali hujjar tasu ba ta cika sharuɗɗan da su da kansu suka gindaya ba. Ma'ana da makamin manɗiƙi ya yaƙe su, kuma shi ne ma ya ƙarfafa shigar manɗiƙin Aristo cikin karatun usulul fiƙhu da ilimin kalami.

Inda maƙalar ta fi burge ni shi ne bayaninta a kan mas'ala ta goma sha bakwai, wadda ta shafi sababi da musabbabi. Misalin da Ghazali ya bayar sananne ne: idan wuta ta taɓa auduga, audugar takan ƙone, amma abin da idonmu ya gani shi ne ƙonewar ta faru a lokacin haɗuwarsu, bai ga cewa wutar ce ta wajabta ƙonewar ba. Yawancin taƙaitattun littattafan da ɗalibanmu suke karantawa a nan suke tsayawa, su ce Ghazali ya musanta sababi, su ƙara da cewa ya riga David Hume na Sikotilan da sama da shekara ɗari shida, sai su wuce. Griffel ya tsaya ya warware zaren a hankali, ya nuna cewa Ghazali ya buɗe ƙofa biyu ne: ko dai Allah Yana halittar ƙonewar kai tsaye bisa al'adar da Ya gudanar, ko kuma Yana aikata ta ne ta hanyar sabubban da Ya halitta, kuma abin da Ghazali ya dage a kai shi ne cewa wannan alaƙa ba wajiba ba ce a hankalce, domin da Ya so da ta kasance akasin haka. A daren da na fara karanta wannan sashe sai na tuna kawuna, Allah Ya ji ƙansa, yana zaune a kan buzu yana karantar da ƙaramin littafin tauhidi na Sanusi, yana lanƙwasa yatsu uku yana cewa hukuncin hankali ya kasu kashi uku, wajibi da mustahili da ja'izi. Abin da na haddace ina yaro ba tare da na san nauyinsa ba, shi ne mabuɗin muhawarar da masanan Turai da Amurka suke cika mujallu da ita. Maƙala ce da wani Bajamushe ya rubuta da Turanci, amma ta mayar da ni zauren kawuna da idon da ban taɓa kallonsa da shi ba.

Irin wannan inganci na same shi a sauran maƙalolin falsafar Musulunci da na karanta, kamar ta Al-Kindi da Peter Adamson ya rubuta, da ta Ibn Sina daga alƙalamin Dimitri Gutas, da ta Ibn Arabi ta William Chittick. Waɗannan mutane ne da suka ƙarar da rayuwarsu a kan matanin Larabci, kuma ana ganin haka a yadda suke taka-tsantsan da fassarar kalmomi. Mai karatu ba dole ne ya yarda da kowace fahimtarsu ba, ni ma akwai wuraren da nake da ja, amma suna nuna maka daga inda suka ɗauko maganarsu, ta yadda idan za ka yi jayayya ka san littafin da za ka buɗe.

A cikin aji kuwa, maƙalar da ta fi yi mini aiki ita ce wadda ta yi bayanin mene ne sani, ta Jonathan Ichikawa da Matthias Steup. An daɗe ana ɗauka cewa mutum ya san abu idan ya gaskata shi, kuma abin gaskiya ne, kuma yana da dalilin gaskatawa, har sai da Edmund Gettier ya fitar da wata 'yar maƙala mai shafi uku a 1963 da ta girgiza wannan ma'ana. Na jima ina fama da yadda zan sa 'yan aji ɗaya su ji wannan matsala a jikinsu, domin misalan Gettier na neman aiki da tsabar kuɗi a aljihu ba sa kama su. A cikin maƙalar ne na ci karo da misalin wani masanin ƙasar Indiya mai suna Dharmottara, wanda ya rayu a ƙarni na takwas: matafiyi ne ƙishirwa ta kama shi, ya hangi kawalwalniya ya ɗauka ruwa ne, ya nufi wurin, da ya isa kuma sai ya tarar da ruwa na gaske a ƙarƙashin wani dutse. Da na kawo wannan a aji, na tambaya ko matafiyin ya san akwai ruwa a wurin tun daga nesa, sai ajin ya kaure da musu. Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu daga baya ta ce, "Malam, ai wannan bai sani ba, dace ya yi." Wani ya amsa mata cewa to ai ya yi imani da akwai ruwa, kuma ruwan yana nan, kuma idonsa ya ba shi dalili, me ya rage? Ta ce, "Abin da ya gani daban, abin da ya samu daban." A jimla ɗaya ta faɗi abin da masana suka shafe shekaru suna ƙoƙarin tsarawa, kuma ban ƙara komai a kai ba sai da na bari suka gama fafatawa.

Babban abin da ya kamata mai niyyar amfani da kundin ya sani shi ne cewa ba don mafari aka rubuta mafi yawansa ba. Masana ne suke rubutu, kuma a zuciyarsu suna magana ne da ɗaliban manyan digiri da abokan aikinsu na wasu ɓangarorin fannin. Sakin layi na farko yakan zo da sauƙi, amma kafin ka kai sashe na uku ka shiga ruwa mai zurfi, an fara jero sunayen matsayoyi da rassansu da martanin da aka yi wa kowane reshe. Wasu maƙalolin idan aka buga su a takarda sukan kai shafi arba'in ko fiye. Ga ɗalibin da Turanci yake harshensa na biyu ko na uku, wahalar ninki biyu ce, domin yana kokawa da harshen kuma yana kokawa da tunanin a lokaci guda. Na taɓa tura 'yan aji biyu su karanta maƙalar da ta shafi 'yancin zaɓi da ƙaddara, ina ganin batu ne da suka saba jin sa tun a Islamiyya. Bayan mako guda wani daga cikinsu, yaro mai ƙoƙari ƙwarai, ya same ni a ofis da takardun a hannunsa duk ya ja musu layi da jan biro, ya ce, "Allah gafarta Malam, kowace kalma na duba ta a ƙamus na gane ta, amma wallahi da na haɗa su ban san me ake cewa ba." Laifin nawa ne, domin na ba shi abin da ya fi ƙarfin matakinsa ba tare da na share masa hanya ba. Tun daga ranar nakan zaɓi sashe ɗaya ko biyu ne kawai, in rubuta tambayoyi uku da za su nema wa amsa a ciki, sannan mu warware shi tare da Hausa kafin mu koma Turanci. Ga waɗanda suke da Larabci, an fassara wasu maƙalolin zuwa wannan harshe, kuma na ga hakan ya taimaki ɗaliban da suka fito daga makarantun Arabiyya.

Matsala ta biyu ta fi damuna, ko da yake rabonta ya fi yawa a wuyan masu karatu. Saboda maƙalolin sun tsaru sosai, sun kawo kowane ra'ayi da hujjarsa da raddinsa, ɗalibi yakan ji kamar ya gama da Aflatun ko Dikart alhali bai taɓa buɗe shafi ɗaya na abin da suka rubuta da hannunsu ba. Falsafa kuwa sana'a ce da ake koyon ta ta hanyar zama da matani mai wuya, a karanta, a kasa ganewa, a sake karantawa, har mutum ya fara jin inda hujja take ɗingishi. Wanda aka tauna wa komai ba zai sami wannan horo ba. Daga nan kuma ɗan taki kaɗan ne zuwa satar fasaha. Na taɓa karɓar babi na biyu na kundin wani ɗalibi, na ga Turancinsa ya sauya farat ɗaya daga irin wanda na san shi da shi zuwa na gogaggen farfesa, da na ɗauki jimla ɗaya na bincika sai ga ta a SEP, har da waƙafi. Da na kira shi bai yi musu ba, ya sunkuyar da kai ya ce shi ya ga an riga an faɗi abin fiye da yadda zai iya faɗa, bai ga amfanin ɓata shi ba. Na tausaya masa, domin na san wannan jin, amma na sa ya koma ya karanta ainihin matanin, ya rufe kwamfuta, ya rubuto mini shafi biyu da kalmominsa. Abin da ya kawo yana da kurakuran nahawu da yawa, amma a ciki akwai wata tambaya tasa ta kansa da babu ita a maƙalar da ya kwafa, kuma a kan wannan tambaya muka gina sauran kundin.

Sai kuma batun abin da kundin ya ƙunsa da abin da ya bari. Ƙarfinsa ya fi karkata ga irin falsafar da ake yi a jami'o'in Amurka da Ingila da Ostireliya, ta yadda za ka sami maƙaloli masu yawa a kan ƙananan rassan falsafar harshe da manɗiƙi, alhali nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta sami ko kusa da haka ba. Gaskiya ne cewa an yi ƙoƙari, domin akwai maƙalar Kwame Gyekye na Gana a kan ɗa'a a tunanin Afirka, da ta Ajume Wingo a kan ma'anar mutum a wajen al'ummar Akan ta Gana, da ta Dismas Masolo a kan falsafar dattawa masu hikima wadda Henry Odera Oruka ya assasa bincikenta a Kenya. Dukansu suna da amfani, kuma ina sa ɗalibaina su karanta su. Amma rubutacciyar al'adar ilimi ta Afirka ta Yamma, wadda aka yi da Larabci da ajami daga Timbuktu zuwa Katsina da Sakkwato da Borno, na neme ta a kundin ban sami maƙalar da aka keɓe mata ba. Ina tunanin mutum irin Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen 'yarsa Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, wanda ya yi rubutu a kan falsafa da sufanci da tarihi, kuma matafiyin nan Heinrich Barth ya haɗu da shi ya yaba zurfin iliminsa. Ɗalibin da yake karatu a Zariya ko Kano zai iya sanin ra'ayin wani farfesan Oksfod a kan mas'ala mafi ƙanƙanta cikin minti biyar, amma kafin ya san abin da ɗan Tafa ya ce a kan hankali da wahayi sai ya yi tattaki ya nemi rubutun hannu. Wannan yana yi mini ciwo, sai dai ba zan ɗora wa editocin nauyin duka ba. Ƙa'idarsu ta ba da dama ga masanin da yake da digirin digirgir kuma ya wallafa bincike a kan batu ya gabatar da shawarar rubuta maƙala, kuma ba za a iya taƙaita binciken da ba a riga an yi shi ba. Matanin suna hannunmu, masu iya karanta su suna cikinmu, kuma tace su da fassara su da nazarinsu aiki ne da yake jiran sassan falsafa da na Larabci na jami'o'inmu su haɗa kai a kansa.

Idan aka kwatanta shi da takwarorinsa, kowanne yana da gurbinsa. Internet Encyclopedia of Philosophy, wanda James Fieser ya kafa shi ma a 1995, kyauta ne kuma masana ne suke tantance shi, harshensa ya fi sauƙi, saboda haka shi nake fara tura 'yan aji ɗaya gare shi. PhilPapers, wanda David Bourget da David Chalmers suka buɗe a 2009, aikinsa daban ne, domin shi jerin maƙalolin mujallu da littattafai ne da aka rarraba bisa batutuwa, kuma mai rubuta kundin babban digiri ba zai wadatu da barinsa ba. Wikipedia tana da amfani wajen duba shekarar haihuwa ko sunan littafi, amma ba ka san wanda ya rubuta maka ba. Haka ma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ɗalibai suka rungumi amfani da su yanzu, suna ba da amsa mai santsi cikin daƙiƙa, amma babu wani mutum mai suna da zai ɗauki alhakin abin da suka faɗa, kuma na sha kama su suna jingina wa masani maganar da bai yi ba. A SEP, idan aka yi kuskure, akwai wanda za ka rubuta wa, kuma akwai sunan da zai zubar idan bai gyara ba. Jerin manazarta da ke ƙarshen kowace maƙala shi kaɗai ya isa dalilin ziyartar shafin, domin masani ne ya zauna ya tace maka abin da ya cancanci karantawa daga cikin ɗaruruwan rubuce-rubuce, ko da yake takaicin shi ne da yawa daga cikin waɗannan littattafai da mujallu suna bayan katangar kuɗi, kuma ɗakunan karatunmu ba su da rajistar da za ta buɗe su.

Abu ɗaya ne kawai ake biya wa kuɗi, shi ne samun maƙalolin a tsararren fayil na PDF mai kyan bugawa, wanda ake bai wa waɗanda suka shiga ƙungiyar masu tallafa wa kundin da ɗan abin da suke bayarwa a shekara, kuma na ɗalibai ya fi rahusa. Wanda bai shiga ba bai rasa ko kalma ɗaya ba, domin zai iya karanta komai a shafin, ya kuma buga daga nan. Ni na shiga ne saboda na ga ya dace wanda ya ci moriyar abu shekara da shekaru ya sa hannu a ɗorewarsa, ko da biyan da dala yana da nasa wahalhalun ga mai katin banki na naira.

Ga malamin jami'a da ɗalibin digiri na biyu ko na uku, ina ba da shawarar wannan kundi ba tare da wani sharaɗi ba, su mayar da shi wurin farko da za su leƙa kafin su shiga sabon batu, su bi manazartarsa zuwa ainihin littattafan. Ga ɗalibin shekarar farko da ta biyu, ya karanta gabatarwar maƙala da sashen farko, ya tsaya, ya nemi malami ko abokin da ya fi shi nisa su tattauna, kada ya ɗauka gazawarsa ce idan sauran ya gagare shi. Ga malamin zaure ko na Islamiyya da yake jin Turanci, wanda ya karanta Sanusi da manɗiƙin Akhdari, ina ganin zai fi ɗalibaina da yawa jin daɗin maƙalolin Ibn Sina da Ghazali da Ibn Rushd, domin yana da tushen da su ba su da shi. A makon jiya na buga sashen sababi na maƙalar Ghazali a wani shagon buga takardu da ke bakin ƙofar makaranta, kwafi biyu, ɗaya na 'yan aji uku da za mu fara mas'alar wuta da auduga ranar Litinin, ɗayan kuma na kai wa ɗan kawuna da ya gaji zauren mahaifinsa, wanda ya karɓa ya ce in dawo bayan sallar isha'i ranar Alhamis da Tahafut ɗina, shi ma zai fito da nasa, mu gwada fassarar Baturen da matanin Larabci.